Dodgers a Shekarar Korona: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Min da Amsoshinsu

Tunda mutane suka gane ni mabiyin ƙungiyar Los Angeles Dodgers ne tambayoyi ba sa ƙarewa, musamman a kan 2020 da korona ta tsayar da komai cak, wasu 'yan ƙwallon ƙafa ne suna son jin me ya kai ni besbol, wasu kuma a watannin zaman gidan nan suka fara leƙa wasan suka rasa mai yi musu bayani da Hausa. To ga waɗanda suka fi maimaituwa na haɗa su wuri ɗaya.

Wai yaushe aka tsayar da wasan, kuma ya abin ya faru?

Ranar 12 ga Maris 2020. A lokacin 'yan wasan Dodgers suna sansaninsu na atisaye a Camelback Ranch a jihar Arizona suna wasannin share fage, saura sati biyu a buɗe kaka ranar 26 ga Maris da tsofaffin abokan hamayyarsu San Francisco Giants. A daren 11 ga wata gasar ƙwallon kwando ta NBA ta dakata bayan an samu cutar a jikin Rudy Gobert, washegari hukumar MLB mai kula da babbar gasar besbol ta Amurka ta ce ta soke atisaye ta kuma ɗaga buɗe kaka da aƙalla sati biyu. Sati biyun nan su suka koma wata huɗu, don ba a jefa ƙwallon farko ba sai 23 ga Yuli.

Malam ni fa ban san wasan ba sam, ɗan yi min bayani kafin mu ci gaba.

To a taƙaice, ƙungiya biyu ne kowacce mutum tara a fili. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai sanda ya yi ƙoƙarin duka, in ya daka sai ya ruga zango na ɗaya, na biyu, na uku, ya dawo gida, wanda ya kewayo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In an fitar da mutum uku sai a yi musaya, masu duka su koma tsaron fili. Zagaye tara ake yi kuma ba agogo, sai an gama. In ƙwallo ta tsallake katanga shi ne hom ron. A kaka ta yau da kullum kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa, kusan kullum akwai wasa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kaga kuwa wanda ya saba da haka ranar da aka ce babu, gibin da yake ji ya fi na mai jiran wasan ƙarshen mako.

To tunda ba wasa, wane labari kuke bi duk tsawon watannin?

Ai labari bai tsaya ba, fili ne kawai ya tsaya. Abu na farko da ya hana mu barci shi ne maganar Mookie Betts. A watan Fabrairu Dodgers ta ɗauko shi daga Boston Red Sox tare da David Price, ta ba da Alex Verdugo da wasu yara biyu, alhali shekara ɗaya ce ta rage a kwantiragin Betts. Sai kuma yarjejeniyar da hukuma ta yi da ƙungiyar 'yan wasa ranar 26 ga Maris ta ce ko an soke kakar gaba ɗaya za a lissafa wa kowa shekararsa ta aiki, ma'ana Betts zai iya tafiya duk inda ya ga dama bai taɓa buga wa Dodgers wasan gasa ko ɗaya ba, an ba da yara a banza ke nan. Wallahi wannan tunanin ya dame ni tun daga Maris har 22 ga Yuli da ya sa hannu a kan shekara 12, dala miliyan 365, ana gobe za a fara wasa.

Na biyu rigimar kuɗi. An yarda za a biya 'yan wasa gwargwadon yawan wasan da aka buga, daga baya masu ƙungiyoyi suka ce tunda ba 'yan kallo sai an ƙara rage albashi, 'yan wasa suka ce atafau, aka yi ta jefa wa juna takardu watan Mayu da Yuni, kwamishina Rob Manfred ya fito ya ce tabbas za a yi kaka, bayan 'yan kwanaki ya dawo ya ce ba shi da tabbas. A ƙarshe shi ya yanke wasa 60, wato kowa zai karɓi kusan kashi 37 cikin ɗari na albashinsa. Ni dai ban ji daɗin wannan ja-in-ja ba ko kaɗan, mutane suna mutuwa wasu sun rasa aikinsu, su kuma suna ciniki a bainar jama'a.

Na uku kuma Houston Astros. A Janairun 2020 binciken hukuma ya tabbatar cewa a 2017 sun riƙa satar alamun da mai cafka, wanda ke tsugune bayan mai sanda, yake ba mai jifa ta hanyar kyamara, suna buga kwandon shara don su sanar da mai sanda irin jifar da ke zuwa, kuma a shekarar ce suka doke Dodgers a World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi inda wanda ya fara cin huɗu yake ɗauka, a wasa na bakwai. Zaman gida ya ba magoya baya lokacin da za su zauna suna sake kallon wasannin, kowa na ƙara ƙuna.

Ya kake bambance labarin gaskiya da jita-jita?

Da wahala fa a watannin nan, don kowace safiya da sabon shiri. A Afrilu an ce za a kwashe ƙungiyoyi 30 duka a kai Arizona a killace su can su yi ta wasa, can kuma aka ce a raba su Arizona da Florida, ba wanda ya tabbata. Abin da na koya shi ne in labari ya ce "ana tattaunawa" to ajiye shi gefe, sai ka ga sanarwa daga hukuma ko ƙungiyar 'yan wasa, ko ɗan jaridar da aikinsa kullum bin ƙungiyar ne ya sa sunansa a kai. Shafukan da ke kwafo maganar wani su ƙara mata gishiri na daina buɗe su tun a watan azumin shekarar.

Ina son kallon tsofaffin wasanni, da wanne zan fara?

Yauwa, nan ne zancen yake. Ranar da ya kamata a buɗe kaka hukumar MLB ta saki tsofaffin wasanni 30 kyauta a intanet, ɗaya ga kowace ƙungiya, kuma har yanzu da yawa suna nan a YouTube. Ni daga nan na faɗa ciki, kuma gaskiya sai a lokacin na san ƙungiyar da nake cewa ina so, don da sakamako kawai nake bi.

Fara da wasan farko na World Series na 1988 da Oakland Athletics, 15 ga Oktoba. Kirk Gibson na Dodgers ƙafafunsa biyu duk da ciwo, ko fitowa gabatarwa bai yi ba, zagaye na tara an fitar da mutum biyu Dodgers na baya da 4 da 3, sai koci Tommy Lasorda ya turo shi yana ɗingishi ya tsaya gaban mai jifan Oakland Dennis Eckersley wanda a lokacin ba kamarsa wajen rufe wasa, ya yi ta kare kansa har jifa ta ƙarshe ya ɗaga ta bayan katangar dama, 5 da 4. Bai sake duka ba a gasar, amma sun ɗau kofin. Kar ka kalli guntun bidiyon kawai, kalli zagayen duka don ka ji yadda filin ya canza da aka hango shi.

Sai mai jifa Fernando Valenzuela a 1981, yaro ɗan shekara 20 daga ƙauye a jihar Sonora ta Meziko, ya ci wasanninsa takwas na farko a jere, biyar daga ciki ba a ci shi maki ko ɗaya ba. Sai Sandy Koufax, wanda nake so kowa ya san labarinsa. A 1965 wasan farko na World Series ya faɗo ranar Yom Kippur, ranar azumi mafi girma a wurin Yahudawa, shi kuma shi ne gwanin jifa na ƙungiyar, ya ce ba zai yi ba, kuma bai yi ɗin ba. Dodgers ta sha kashi ran nan. Daga baya ya dawo ya hana Minnesota Twins maki a wasa na biyar, ya huta kwana biyu kacal ya sake hana su a na bakwai. Na karanta wannan a cikin Ramadan, kuma duk wanda ya taɓa rufe shago rana tsaka ana cikin ciniki don ya tafi masallaci ya san abin da mutumin nan ya yi. Yana shekara 30 ciwon gwiwar hannu ya sa ya ajiye wasa.

Kuma duk inda ka samu muryar Vin Scully ka saurara. Kaka 67 ya yi yana sharhin wasan Dodgers, daga 1950 zuwa 2016. Sharhinsa na zagaye na tara a wasan 9 ga Satumba 1965, da Koufax bai bar ɗan Chicago Cubs ko ɗaya ya taka zango ba, sauti ne kawai amma kamar kana zaune a wurin, yana ma faɗa maka ƙarfe nawa agogon fili ya nuna.

Me sunan Dodgers yake nufi?

Daga Brooklyn ta New York suka samo shi, can ne asalinsu. Unguwar ta cika da taragun lantarki masu bin titi, mutane kullum cikin kauce musu suke, sai aka riƙa kiran ƙungiyar masu kauce wa tarago. A filin Ebbets suka yi wasa daga 1913 zuwa 1957, kofi ɗaya suka ci a can, 1955, bayan New York Yankees ta sha doke su. A 1958 mai ƙungiyar Walter O'Malley ya kwashe ta zuwa Kalifoniya.

Ina jin ana ta ambaton Jackie Robinson, shi kuma fa?

Shi ne dalilin da ya sa ba zan iya canza ƙungiya ba. Shekaru sittin da wani abu manyan ƙungiyoyi ba sa ɗaukar baƙar fata, ba doka a rubuce amma kowa ya san haka abin yake, baƙaƙe sai dai su yi wasa a gasarsu daban. Branch Rickey, shugaban Dodgers, ya ɗauko Robinson da sharaɗin komai aka yi masa ba zai rama ba, ranar 15 ga Afrilu 1947 ya fito a filin Ebbets. An zage shi, an turo masa wasiƙun barazanar kisa, wasu daga cikin abokan wasansa sun so su ƙi taka fili tare da shi, akwai garuruwan da otal ɗin da ƙungiya ta sauka ba ya karɓarsa, a haka ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a shekarar, a 1949 kuma gwarzon ɓangarensu na gasar, wato National League. Tun 1997 aka jingine lambarsa 42 a duk ƙungiyoyi, kuma duk 15 ga Afrilu kowa a fili 42 yake sawa.

A 2020 ranar ta zo ba kowa a fili. Aka mayar da bikin 28 ga Agusta, kuma ikon Allah a ranar ce Chadwick Boseman, jarumin da ya fito a matsayin Robinson a fim, ya rasu. Kwana biyu kafin nan Betts ya ce shi ba zai buga wasa ba saboda harbin da 'yan sanda suka yi wa wani baƙar fata a garin Kenosha na jihar Wisconsin, mai jifa Clayton Kershaw da sauran suka ce in bai yi ba su ma ba za su yi ba, aka ɗage wasan da Giants.

Tarihin nasu duk mai daɗi ne ke nan?

A'a, kuma bai kamata in ɓoye maka ba. Inda filin Dodger Stadium yake a yau, Chavez Ravine, unguwannin mutane ne guda uku, Palo Verde da La Loma da Bishop, yawancinsu 'yan asalin Meziko. A farkon shekarun 1950 hukumar birni ta tashe su da alƙawarin za a gina gidajen talakawa su dawo, aka fasa ginin, daga baya ƙasar ta faɗa hannun O'Malley. A Mayun 1959 'yan sanda suka ciccibo sauran waɗanda suka ƙi tashi daga gidajensu a gaban kyamara, aka rushe. Filin ya buɗe 1962, yana ɗaukar mutum 56,000. 'Yan Meziko da yawa sun yi shekaru ba sa taka wurin, zuwan Valenzuela ne ya dawo da wasu, akwai kuma iyalan da har yau ba su yafe ba, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Duk wanda aka taɓa rushe wa rumfa ko gida da sunan gyaran gari ya san ba a mantawa.

A lokacin korona filin ya yi wa mutanen gari aiki. Daga ƙarshen Mayu wurin ajiye motocinsa ya zama cibiyar gwaji, motoci layi layi, a Nuwamba aka kaɗa ƙuri'ar zaɓe a wurin, a Janairun 2021 kuma aka mayar da shi wurin rigakafi.

Da gaske kun koma kallon wasan Koriya?

Sosai ma. Taiwan ce ta fara a Afrilu da hotunan kwali a kujeru, sai gasar KBO ta Koriya ta Kudu ranar 5 ga Mayu, tashar ESPN ta riƙa nunawa. Amurkawa sai su tashi tsakar dare, mu kuwa a Najeriya da Nijar wasan yamma na can wajen goma da rabi na safe yake faɗowa. Kuma Dodgers tana da alaƙa da su, Park Chan-ho ɗan Koriya na farko a MLB da rigarta ya fara a 1994, Ryu Hyun-jin ma daga Hanwha Eagles ya zo ya yi mata jifa daga 2013 zuwa 2019. NC Dinos ce ta ci kofin shekarar.

Su waye suka fi shan wahala a harkar?

Yaran ƙananan ƙungiyoyi, irin na Tulsa da Oklahoma City inda Dodgers ke renon 'yan wasanta. An soke kakarsu gaba ɗaya ranar 30 ga Yuni, da ma albashinsu bai taka kara ya karya ba, dala 400 a sati aka riƙa ba su, ƙungiyoyi suka sallami ɗaruruwa. David Price da bai ma buga wa Dodgers wasa ba tukuna ya ba kowane yaro dala 1,000 daga aljihunsa a watan Yuni, daga baya shi kansa ya ce ba zai yi wasa a shekarar ba saboda lafiyar iyalinsa. Sai masu sayar da abinci da masu duba tikiti da masu shara a filin, su ba a cika jin labarinsu ba.

Da aka dawo fa, ya wasa yake ba 'yan kallo?

Wani iri. Magoya baya sun sayi hotunansu na kwali an jera a kujeru, ana kunna ihun jama'a da aka ɗauko daga gem na kwamfuta, kana jin takun ƙwallo a safar hannu tas. An kawo sababbin dokoki, in aka yi kunnen doki sai a ajiye mutum a zango na biyu don a gama da wuri. Dodgers ta buɗe da cin Giants 8 da 1. Cikin satin farko cutar ta barke a Miami Marlins, sai St. Louis Cardinals, na ɗauka za a sake rufewa. Toronto Blue Jays ma gwamnatin Kanada ba ta bar su sun yi wasa a gida ba, sai Buffalo suka koma. A ƙarshen Yuli aka je Houston, Joe Kelly ya riƙa jifa kusa da kawunan 'yan Astros, aka dakatar da shi wasa takwas daga baya aka rage zuwa biyar.

Daga nan gida ya kake kallo, ba dare ne ba?

Dare ne sosai. Tsakaninmu da Los Angeles awa takwas ne a lokacin kaka, wasan bakwai na yamma a can uku na dare ne a Kano, yana ƙarewa bayan asuba. Yawanci taƙaitaccen bidiyo nake kalla da safe, in wasa mai muhimmanci ne kuma in saurari sharhin rediyo don bai cin data kuma ko ba wuta waya ta isa.

Wasu sun ce kofin 2020 ba cikakke ba ne tunda wasa 60 aka yi. Me ka ce?

Ban yarda ba ɗan'uwa. Dodgers ta ci 43 ta faɗi 17, ba wanda ya kai ta. Sannan aka faɗaɗa zagayen kifa-ɗaya-ƙwala zuwa ƙungiya 16, wanda ya fi cutar da mai ƙarfi don dole ya haye ƙarin mataki. Sun wuce Milwaukee da San Diego, Atlanta Braves ta sa su a gaba da wasa 3 da 1 suka ci uku a jere, duk wannan a killace a otal a jihar Texas makonni ba wasa a gida ko ɗaya bayan zagayen farko. A filin Globe Life na Arlington suka doke Tampa Bay Rays a World Series da wasa 4 da 2 gaban mutum wajen 11,000, ranar 27 ga Oktoba, kofin farko bayan shekara 32. Corey Seager ne gwarzo, Julio Urías ɗan Meziko ya yi jifar ƙarshe, Kershaw da aka daɗe ana yi wa gorin gazawa a wasannin cin kofi na Oktoba ya ci wasa biyu, Lasorda yana wurin yana da shekara 93, a Janairu ya rasu. Kakar 1981 da Dodgers ta ci kofi ma yajin aiki ya gutsure ta kuma ba wanda yake cewa a mayar da wancan kofin.

To maganar Justin Turner fa?

Wannan ita ce ta rage min farin cikin daren. Ana zagaye na takwas a wasan ƙarshe aka cire ɗan wasan nan namu daga fili ba bayani, ashe sakamakon gwajinsa ne ya fito yana da cutar. Aka killace shi a wani ɗaki, da aka ci kofi ya fito fili ya rungumi mutane, ya cire takunkumi aka ɗau hoto yana zaune kusa da koci Dave Roberts wanda ya taɓa jinyar ciwon daji. Na san shekara bakwai ya yi yana neman daren nan tare da ƙungiyar, kuma yana cikin waɗanda na fi so, amma kuskure ne, akwai matan 'yan wasa da yara a filin. Daga baya ya ba da haƙuri, hukuma ba ta hukunta shi ba ta ce ita ma da nata sakacin. Saboda cutar ba a yi zagayen gari da kofin ba a Los Angeles, mutanen birnin sai da suka jira har 2024.